Kuɗin Fito Iri Biyu Ne, Abba

Ƙofar Marusa,
Katsina.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina roƙon Allah Ya tsare mini kai a gida da waje, a kan kwalta da kan burji. Ya raba ka da sharrin mutum, wanda ya fito maka a fili da wanda yake yi maka dariya ba ka san cikinsa ba. Allah Ya jiƙan babanka, Ya sa abin da ya bar mana ya yi albarka a hannunka.

Na san za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ga takarda daga ɗakina zuwa shagonka. Halinka na sani. In na kira ka na fara magana, sai ka durƙusa ka sunkuyar da kai kana "to Hajiya, to Hajiya," ni ina ganin ladabi, ashe kai lissafin man da za ka sha zuwa Maraɗi kake yi. Takarda kuwa ba a ce mata to a miƙe. Ka sami wuri ka zauna ka karanta ta kai kaɗai, kafin ka ɗaure jakarka. Kada ka nuna wa kowa, balle mutumin da zan yi magana a kansa.

Ranar da ka shigo kana washe baki ka ce Alhaji Sule ya ɗauke ka, za ka koma Maraɗi da zama kana yi masa jigilar wake da aya zuwa Katsina, ban manta yadda ka faɗa ba. Ka ce, "Hajiya, ni mota kawai zan kawo. Kaya nashi, mai nashi, ɗakin kwana a can nashi, kuɗin hito ma ya ce duk a wuyanshi." Na ce Allah Ya sa alheri, don ba na son in tari murnarka da baƙar magana. Amma tun daga ranar abinci bai yi mini daɗi ba, kuma kalmar nan ta hito ce ta tsaya mini a rai.

Ka san matsayin motar nan a gidanmu. A-kori-kurar babanka ce, ita kaɗai ce abin da ya bari mai motsi, kuma da muka zauna bayan rasuwarsa muka yarda kada a sayar a raba, a bar ta a hannunka tana ciyar da gida. Daga cikinta ake auno hatsi, daga cikinta ake biya wa ƙanwarka Ummi makaranta, daga cikinta ƙanwarka Hadiza take samun kuɗin magani. Ka kuma san doka. Motar da aka kama ɗauke da kayan da ba a biya musu haraji ba, ba kayan kaɗai ake riƙewa ba, har ita ake haɗawa. Wannan shi ne abin da nake tsoro, ba wani abu ba.

Ban ce Alhaji Sule mugu ne ba. Ban kuma ce mutumin kirki ne ba, don ban san shi sanin da zan faɗi ɗaya ba. Ni dai duk ɗan kasuwar da ya cika sauƙi, sai na duba bayansa. Za ka ce zargi ya yi mini yawa, ƙannenka ma haka suke cewa, wai ko mai manja ya yi mini ragi sai na shinshina kwalbar. To, ba haka aka haife ni ba, hanyar nan da kake shirin bi ita ta mayar da ni haka.

Lokacin kana firamare, wata maƙwabciyarmu ta dawo daga Maraɗi ta gaya mini kuɗin buhun aya a can. Na auna da yadda ake sayar da shi a babbar kasuwarmu, na ga rata mai faɗi, na ce to wannan ratar duk tawa ce. Na sayar da tumakina na ɗaura ɗamara. A lokacin babanka bai mallaki mota ba, direban wani ne a hanyar Kano. Ya dube ni ya ce, "Rabi, kin sa hanya cikin lissahin kuwa?" Na ce hanyar mi, nan da Maraɗi da ake zuwa a dawo a yini? Ka san shi, ba ya maimaita magana.

Tun ban ga ayar ba aka fara cin ribata. Ɗan canji ya fara gutsura wajen mayar da naira sefa. Dillali ya karɓi la'adarsa. 'Yan dako suka karɓi nasu daga kasuwa zuwa tasha. Direba ya yanka wa kowane buhu kuɗinsa, ya ce mai ya yi tsada, taya ta yi tsada, kuma ba ƙarya ya yi ba. A bakin iyaka aka karɓa a wancan gefe, aka karɓa a wannan. Tsakani kuma ga shingaye, wasu da kaki, wasu da riguna da ban san ma'aikatarsu ba, wasu igiya kawai suka ɗaura a hanya suka zauna a inuwa. Babu wanda ya karɓi abin da za ka ce ya yanke ka, kowa ɗan kaɗan ne. Da muka iso Katsina aka sake kiran 'yan dako. Na sayar da ayar tas, ban yi bashi ba, ban zubar ba. Amma da na je mayar da tumakina, ɗaya ba ta dawo ba.

Abin da na koya a nan, ka riƙe shi da kyau. Ratar da kake gani tsakanin kasuwar can da ta nan ba riba ba ce, kuɗin hanya ne da na haraji suka zauna a ciki. Da riba ce zalla, da manyan 'yan kasuwa sun riga mu cinye ta tun kafin labari ya iso Ƙofar Marusa. Abin da yake saura wa mai kaya bayan kowa ya ɗauki nasa siriri ne ƙwarai. To in mutum ya ce zai ɗauke maka nauyin hanya gaba ɗaya, ya ba ka ɗaki, ya kuma biya ka abin da ya fi na kowa a tasha, sai ka tambayi kanka a ina ya rage. Ba a rage mai, mota ba ta jin lallashi. Ba a rage taya. Ɗan dako ba ya ɗaukar buhu don Allah. Abu ɗaya ne a duk lissafin da mutum zai iya tsallakewa, shi ne harajin gwamnati.

Wautata ta biyu ita ce babba, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Da aya ta koya mini hankali sai na koma atamfa, don ba ta da nauyin buhu, ba ta ruɓa, ƙwaro ba ya cin ta. Sai dai harajinta ya fi nauyi, don daga ƙetaren teku take zuwa, kuma a gefenmu ana ɗora mata kuɗi da yawa, wai don masaƙun gida su rayu. Abin da yake ba ni haushi har gobe shi ne, yadin da ya hau jirgin ruwa ya ratsa ƙasashe bai sha wahalar da yake sha tsakanin Maraɗi da Katsina ba. Mutanen da harshenmu ɗaya, surukanmu suna can nasu suna nan, amma turmin zane sai ya ƙara tsada a 'yar tafiyar nan fiye da yadda hankali zai ɗauka.

A kasuwar Maraɗi akwai wani dillali, Ilya, mai bakin zuma. Tun ban je Makka ba yake ce mini Hajiya. Kana zuwa zai shimfiɗa tabarma, ya aika a kawo shayi, ya tambayi yara da sunayensu. Rannan na zaɓi kayana, dila guda, jarina kaf a ciki har da na wasu mata biyu da suka ba ni saƙo. Ina ta jimamin yadda zan yi da bakin iyaka, sai ya ce, "Hajiya, ki bar wahal da kanki. Ki biya ni kuɗi guda, har da na hito, ki tahi abinki. Kayanki za su iske ki Jibiya."

Na ce, "Har da kuɗin hito, Ilya?"

Ya ce, "Wallahi har da shi."

Ya rantse, kuma bai yi ƙarya ba. A nan ne nake so ka buɗe kunnenka. Mu da bakinmu hito muke cewa, a takarda ake rubuta fito, amma ba nan matsalar take ba. Matsalar ita ce kalmar tana da masu ita biyu. Ni a wurina kuɗin fito shi ne wanda nake ji a rediyo, harajin da ake biya a ofis a bakin iyaka, a buga hatimi a ba ka takarda. Shi Ilya a wurinsa kuɗin fito shi ne ladan 'yan fito, samarin nan da suke ɗaukar kaya a babura da ƙananan motoci su bi ta daji su zagaye ofishin. Tsofaffi sun ce asalin kalmar daga bakin gulbi ne, wanda ya ƙetarar da kai a kwalekwale shi kake biya kuɗin fito. Gwamnati ta ɗauki kalmar, mutanen daji ma suka ɗauka, kowa yana amfani da abarsa. Ni na tambaya da ma'ana ɗaya, shi ya amsa da ɗayar, muka rabu kowa yana murna.

Da na iso Jibiya ba a tasha aka ba ni kayan ba, a bayan wani gida ne. Na ga ƙarangiya ta manne a jikin buhun da aka naɗe dilar da shi, har na tsaya ina cirewa da yatsa don kada ta soke ni. Ko kaɗan ban tambayi kaina ba, kayan da suka bi kwalta a ina suka samo ƙarangiya? Arha ta rufe mini ido. Na tsayar da motar haya aka ɗora, direban wani bawan Allah ne mai iyali, ya tambaye ni ko kayan da takarda, na ce an biya komai.

Ba mu yi nisa ba 'yan kwastan suka tsayar da mu. Wani dattijo a cikinsu, da jin bakinsa Bakano ne, ya leƙo ya gaishe mu da mutunci, ya tambayi mai dilar. Na ce ni ce.

Ya ce, "Hajiya, an biya kuɗin fito?"

Na ɗaga kai na ce, "An biya, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ina takarda?"

Na ce, "Tana wajen Ilya."

Ya ce, "Ilya? A wane ofis yake?"

Matan da ke cikin motar kowa ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa gwiwata ta ce a hankali, "Baiwar Allah, hiton daji aka yi miki." Wallahi Abba, sai a lokacin na gane. Ba asarar ce ta fara zo mini ba, kunya ce, yadda na ɗaga kai na amsa a gaban mutane.

Aka sauke dilar, ban sake ganin ta ba. Mutanen nan aikinsu suka yi, ba ni da abin cewa. Amma ba dilar kaɗai aka riƙe ba, har motar. Fasinjoji suka watse kowa ya nemi wata. Direban nan ya zauna a gefen titi ya ɗora hannu biyu a ka, bai zage ni ba, bai ko dube ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Daga baya na ji motar ta daɗe a tsare, kafin a sake ta tayoyin sun tsage a rana, mai motar kuma ya sallame shi. Bai san Ilya ba, bai ga Maraɗi a ranar ba, ko turmi ɗaya ba nasa a ciki. Motarsa ce kawai take ƙarƙashin kayan.

Na koma Maraɗi ina huci. Ilya yana nan a tabarmarsa, har ya aika a kawo shayi.

Na ce, "Ilya, ba ka ce mini ka biya hito ba?"

Ya ce, "Na biya mana, Hajiya. Ga yaran nan, ki tambaye su." Sai ya waro ido kamar yanzu ya gane. "Af, ke hiton duwan kike nuhi? Ai da kin ce na duwan, da ba wanga kuɗi na gaya miki ba."

Duwan shi ne kwastan a bakinsu. Na kai shi gaban dattawan kasuwa, suka saurare mu duka, suka ba ni haƙuri. Suka ce mutumin nan bai faɗi abin da bai yi ba, ke ce ba ki tambaya da kyau ba. Har yau ban yarda cewa bai san abin da nake nufi ba. Ya sani sarai. Amma ba a kama mutum da abin da ke cikin zuciyarsa, kuma kalmar ta ba shi wurin ɓuya.

Saboda haka, ɗana, kada ka taɓa karɓar kalmar nan tsirara daga bakin kowa, ko da limami ne. In an ce an biya fito, ka ce wanne. In an ce na ofis, ka ce ina takarda. In an nuna maka ita daga nesa, ka karɓa ka karanta, ka ga sunan wa ke kai, ka ga ko abin da aka rubuta shi ne abin da ke bayan motarka. Takardar da ke aljihun mai kaya a Katsina ba ta da amfani gare ka a kan hanya, dole ta kasance a motar tare da kai. Kuma in ka ga mutum ya ji haushi don ka tambaya, ka ƙara tambaya.

Akwai wata kuma, wannan ban yi asara a cikinta ba, shi ya sa ma ta fi ba ni tsoro. Bayan na farfaɗo, sai aka yi ta faɗa a rediyo cewa amfanin gona na ƙasashenmu zai riƙa wucewa ba tare da nauyin haraji ba. Na ce to bari in gwada wake. A bakin iyaka dai na tarar maganar rediyo daban, jira daban, don mota tana iya yini a layi ana duba takardu, direba kuma yana ƙara kuɗin zama. Amma ba wannan ba ne labarin. Mun yi haɗaka da wasu a mota ɗaya, da aka zo lodi sai direban ya ce, "Hajiya, rana ta yi zahi, ki je ki yi salla ki huta, mu za mu ji da buhunan." Na ce kai, wannan yaro da tarbiyya. Na tafi gidan wata 'yar uwarmu na ci tuwo na miƙe ƙafa. Da na dawo an ɗaure tamfol, wakena a sama reras.

Muka wuce lafiya. Sai da aka zo sauke kaya a Katsina, aka ɗauke buhunana, na ga abin da ke ƙasa. Shinkafar waje ce shimfiɗe tun daga gaba har baya, a lokacin da aka hana shigo da ita. Wakena mayafi aka yi da shi, ni kuma da hijabina a gidan gaba ina jan carbi, ni ce shaidar mutunci. Da an ɗaga buhu biyu a hanya, da ni za a fara tambaya. Tun daga ranar ban sake barin wurin lodi ba, ko da rana za ta narkar da ni.

Kai ma haka nake so. Buhun farko da zai taɓa ƙasan motarka, ka gan shi da idonka, ka soka masa hannu. Na sama kowa yana iya gani, na ƙasa shi ne ainihin abin da ka ɗauko. Ranar da aka ce maka ka je ka ci abinci za a yi lodi kafin ka dawo, a ranar ka ce azumi kake.

Kada ka ɗauka ina zagin 'yan fito. Na san su, na san iyayen wasunsu. Duk lokacin da haraji ya yi nauyi ko aka rufe iyaka, kasuwarsu ce take buɗewa, don mutanen can ba za su daina cin geronmu ba, mu ma ba za mu daina cin dabinonsu da wakensu ba. Gidaje da yawa a bakin iyaka da wannan suke cin tuwo, kuma da hanyar ofis tana da sauƙi da araha da ba wanda zai je ƙaya ta yage shi. Amma su sun san abin da suka shiga, sun yi lissafinsa, babur ne nasu na kansu suke sawa a gaba. Dajin ma yanzu ba irin na da ba ne, ka fi ni sanin abin da ake fama da shi. Kai kuwa so ake ka shiga ba ka sani ba, da motar marayu.

Yanzu bari in gaya maka abin da na yi jiya, kada ka ji a bakin wani. Da na ce muku zan je dubiya, Ji'ar'e na tafi, unguwar manya, gidan Alhaji Sule. Na fake da yi wa maiɗakinsa barka da sabon gida. Tun daga bakin get na fara kallo. A ƙarƙashin wata rumfar kwano ga motoci a jere, irin taka sak, sai dai sun fi taka ƙuruciya, tayoyinsu ko gashi bai kaɗe ba. An wanke su, an rufe gilasansu da kwali.

Ya fito da kansa, ya durƙusa har ƙasa kamar ni na haife shi. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙannenka, ya tambayi ƙafata da ban san wa ya gaya masa tana ciwo ba. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Alhaji, motocin can lahiyarsu kuwa?"

Ya ce, "Lahiya lau, Hajiya. Hutawa suke."

Na ce, "Mota na hutawa da kaka, wake na shigowa?"

Ya ce, "Ai so nake yaron ya samu na kanshi. Albarkacin marigayi, mutumina ne ƙwarai."

Abba, na zauna zaman makokin babanka daga farko har aka tashi, kuma duk wanda ya yi sallama a zaure sai da aka gaya mini sunansa. Ban ji nasa ba. Ban faɗa masa haka ba, na dai ce Allah Ya saka da alheri. Sannan na gyara zama na yi tambayar da ta kai ni.

Na ce, "Alhaji, kuɗin hiton da ka ce wa yaro a wuyanka yake, wanne ne? Na ohis ko na daji?"

Ya yi dariya. Ya daɗe yana yi, har ya cire hula ya mayar. Sannan ya ce, "Haba Hajiya, hito ai hito ne. Kaya dai su ƙetare."

Ya ƙwala kira a kawo mini lemo, ya shiga labarin tsadar siminti. Da zan tafi ya sa aka biyo ni da turmin atamfa mai tsada. Na karɓa don ba a mayar da hannun kyauta a gidan mutum, amma yana nan a ledarsa ban warware ba, kuma tela ba zai gan shi ba.

Mutumin da yake biya a ofis, in ka tambaye shi, ba ya dariya. Ƙorafi yake farawa, ya gaya maka yadda aka tatse shi, ya jawo takardu ya watsa maka a gaba don ka taya shi baƙin ciki. Na zauna da irinsu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce mini hito hito ne. Mai motoci a rumfa kuma da ya bar nasa ya nemi ta wani, ya san akwai hanyar da ba ya so tasa ta bi. In an kama, kayansa ne suka tafi, zai mayar a lodi na gaba. Kai kuma da me za ka mayar?

To ga matsayata, kuma ban yi shawara da kowa ba. Ƙannenka suna da rabonsu a motar nan, amma suna jin nauyinka, in ka tambaye su za su ce to Yaya. Ni ba zan ce ba. Matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni a abin da mijinta ya bari, ɗaya cikin takwas, Allah ne Ya yanka mini, ba wani ba. Ban taɓa tayar da maganarsa ba sai yau. Tumunina ba zai bi daji ba, Abba. Ban san ko wane ɓangare ne na motar ba, ko taya ce, ko sitiyari, ko wani abu a cikin inji. In ka san yadda za ka kwance shi ka ajiye mini a zaure ka tafi da sauran, bismilla.

Ban ɓoye mabuɗi ba, ban kuma kai ƙararka wurin baffanninka ba, don kai ba yaro ba ne, kuma ba na so a ce uwarka ce take tuƙa ka. Na san kana son ka tsaya da ƙafarka, na san jigilar cikin gari ta ishe ka, daga Ƙofar 'Yandaka zuwa kasuwa kullum a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ina ganin yadda kake dawowa ka zauna shiru, kuma yana ci mini rai. Ba tafiyarka nake ƙi ba. Ko Agadas za ka je da halalinka, ni zan fara sa maka albarka.

Ka koma wurinsa da kanka, da rana, a gaban mutum ɗaya da ka yarda da shi. Ka ce sharaɗinka biyu ne. Kowane lodi takardar ofis da sunansa tana cikin motarka, kuma ba a ɗora buhu sai kana tsaye. Kada ka yi masa rashin kunya, kada kuma ka taya shi dariya. In ya amsa kai tsaye ya ce ya yarda, to na zalunce shi da zato, zan sa hijabina in koma Ji'ar'e in roƙi gafararsa a gaban iyalinsa, in dawo in yi maka dambun naman guzuri da hannuna. In kuwa ya sake cire hula yana dariya, ka yi masa godiya, ka tuƙo motar babanka ka dawo da ita ƙofar gida.

Allah Ya ba ka ido mai gani da kunne mai rarrabe magana. Ya tsare ka daga haɗarin hanya, da kayan da ba ka san cikinsu ba, da alherin da ke da ƙugiya. Ya ba ka arziki mai tsabta ko da a hankali zai zo, Ya sa ka gama da duniya lafiya, ka ga naka suna yi maka abin da kake yi mana. Duk inda ka sa ƙafa addu'ata tana gabanka, ko ka ji maganata ko ba ka ji ba, wannan ba ya cikin sharaɗi.

Ina ɗaki. In ka dawo kada ka tsaya doguwar gaisuwa, ka fara gaya mini wane fiton ya ce.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rabi